Motar da Aka Koya a Madubi

Ga ta nan tafe gare ku. Ku gyara zama ku ba ta hanya, domin wannan da baya take tafiya, kuma birkinta ba abin dogaro ba ne.

A wani layi an yi wani mai aski, mutumin kirki, mai sanyin hannu, wanda bai taɓa yanke kunnen kowa ba sai in mutum ne ya motsa. Aibinsa ɗaya, baki. In ka zauna a kujerarsa ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, to ka shiga hannu. Sai ka ji yadda da shi aka bar wa gari da tuni ya gyara wutar lantarki da ruwan famfo, har da yadda jirgin sama ke sauka. Saboda haka 'yan layi suka sa masa Injiniya. Su da tsiya suka sa, shi kuwa da hannu biyu ya karɓa, har ya sa aka rubuta masa a saman ƙofar shago.

Ana nan sai ciwon motar tsere ya kama shi. Ya gani a waya yadda wasu mutane ke ƙera mota a garejin gidansu, su ɗauko inji nan, su ɗauko taya can, su haɗa abu mai gudu kamar an harbo shi.

Ya ce, "Waɗannan kai biyu gare su? Ni da kai ya zama sana'ata, ban taɓa ganin mai biyu ba."

To amma aiki ba ya barin mutum ya zauna kallo, kuma in ya riƙe waya a hannu masu zuwa aski su yi ta ƙorafi wai ba kansu yake dubawa ba. Sai ya yi dabara. Ya jingine wayar a kan kantar da ke bayansa, daidai inda za ta fito a cikin babban madubin shago. Wanda ake wa aski yana zaune yana ganin Injiniya ya ƙura wa madubi ido, yana cewa a ransa lallai mutumin nan akwai kula da aiki. Alhali Injiniya yana can yana koyon ɗaura giya. Haka ya koyi ƙirar mota tun daga notin farko har na ƙarshe, duk ta cikin madubi, inda dama ke komawa hagu, hagu ta koma dama. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Wanda ya fi kowa shan wannan karatu shi ne wani dattijo da ya yi ritaya daga gidan waya, wanda duk layin ke kira Kawu ko da ba a haɗa komai da shi ba. Kawu ba shi da wurin zuwa da safe, don haka shi ne ke kan kujera duk lokacin da darasi ya yi zafi. Sai a aske masa gefe ɗaya, Injiniya ya hango wani abu a madubi, ya ajiye injin aski ya ruga gida ya gwada kafin ya manta. Kawu ya jira ya gaji, ya sa hula ya tafi. Kafin a zo kan ɗaya gefen, na farko ya tsiro. Tun daga lokacin ba a sake ganin kan Kawu daidai ba.

Gidan Injiniya yana da wani babban ɗaki mai ƙofar ƙarfe da ke buɗewa kan titi. Matarsa tela ce, ta iya hannunta, amma a lungun falo take ɗinki, tsakanin kujera da firji. Masu kawo ɗinki sai sun tsallake takalman yara, in kuwa za a gwada riga sai a kori kowa zuwa tsakar gida. Tun da suka tare take cewa ɗakin nan shagonta ne. Shi kuma ya ce sai an yi masa fenti. Da aka yi fenti ya ce sai ya bushe. Kafin ya bushe ya cika shi da ƙarfe.

Ya samo injin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya wurin 'yan gwangwan. Tayoyi huɗu, kowace da inda ta fito, kamar baƙin da suka haɗu a tasha. Bodi kuwa da kwanon rufi ya lanƙwasa shi, ya shafa masa jan fenti, ya rubuta Guguwa a gefe. Da kayan waje suka ƙare sai ya juyo kan na gida. Sandar labulen falo ta zama sandar giya. Bututun famfon bayan gida ya zama salansa. Robar da matarsa ke sa wa ƙugun wando ita ce ke jawo totur ya dawo in an ɗaga ƙafa. Wurin zaman direba kuwa, ya ce babu kujerar da ta san darajar mutum kamar ta aski, don haka ya ciro ta shago ya ɗaure ta a tsakiyar mota, da fedarta ta ɗaga mutum sama da komai, nan kusa da birki.

Wata safiya matar ta fito wanki ta nemi babban bahonta ta rasa. Ta leƙa ɗakin, sai ga shi a kife a saman mota, ya rufe ramin da aka bari daidai kan direba. Kawu yana zaune a gefe kan wata taya, yana jiran a ƙarasa masa aski.

"Baban yara, bahona ne wancan ko idona ne?"

"Bahonki ne mana. Wa ya ce ba naki ba ne?"

"To me yake yi a kan mota?"

"Ɗora shi kawai na yi in ga yadda zai zauna. Ba na mota ba ne, aro ne. Naki ne yau, naki ne gobe. Kawu ne shaida."

Kawu ya ce, "Na shaida. Yanzu ko za a dubi ƙeyata?"

Ana cikin haka sai ga ƙanin matar, mai gidan burodi, ya tsaya da motarsa ta rabon kaya. Motar nan ta tsufa har ta manta launinta. Ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, kuma ba a kashe ta sai a gangare, domin sai da turi take tashi. Ya leƙa cikin Guguwa, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Mijin Yaya, ya na ga totur a hagu, kuloci a dama?"

"Kai da ka saba da akwalar burodi ina za ka sani? Na masu tsere haka yake."

"A wace ƙasa?"

"A ƙasar da ake gudu. Kawu, ba haka muka gani ba?"

Kawu ya gyaɗa kai. "Haka muka gani. Ni ma ina kallo, tun da ba ni da abin yi. Totur a hagu yake."

Mai burodi ya ce, "To Allah ya ba da sa'a. Amma in ta tashi ka gaya mini, in zo in ja ta zuwa gida."

Maganar nan ta soki Injiniya. Ya miƙe ya goge hannu a riga. "Kai, ɗan fulawa. Motar nan in na taka ta, kafin ka sa giyar farko na je ƙarshen gari na dawo na tambaye ka ko lafiya. Inuwarta ma sai ta roƙe ta ta jira ta."

Matar tana tsaye da tef ɗin awo a wuya, ta bari ya kai aya. Sannan ta ce, "To mu yi ta a fili, Baban yara. Ka yi tsere da ƙanina a filin ƙwallon bayan makaranta, daga wannan raga zuwa waccan. In Guguwa ta riga shi, ɗakin nan naka ne har abada, ba zan ƙara ɗaga maganar ba. In ba ta riga shi ba, ka kwashe ƙarafunanka in shigo da kekena."

"Shi ke nan? Ai sai in ƙara miki. In na faɗi, ni zan ɗauko keken ɗinkin a kaina, in zagaya da shi ta titi kowa ya gani, in ajiye miki."

"Kawu ne shaida."

Kawu ya ce, "Na shaida," ya shafa gefen da ba a aske ba, ya sa hula.

Ranar da za a fara tayar da ita, layi ya cika. Mai wanki ya bar guga, mai kanti ya rufe, matan maƙwabta suka jeru a ƙofofinsu. An buɗe ƙofar ƙarfe, ga Guguwa ta fuskanci titi, ja wur, da baho a ka. Injiniya ya hau kujerar aski da tabarau irin na masu walda. Ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya yi atishawa, sannan ya saki wata ƙara da ta sa kajin layi suka bar ƙwai suka gudu.

Ya leƙo ta taga ya ce, "Ku buɗe hanya. Wanda ya ƙifta ido ya yi asara."

Mutane suka rabu biyu, suka bar masa titi fayau. Ya sa giyar farko, ya taka totur.

Babu wanda ya ƙifta ido, amma duk da haka motar ta ɓace. Sai dai ba ta titi ta bi ba. An ji wani rugugi, ƙura ta turnuƙe, da ta lafa sai mutane suka ga suna hango tsakar gidan Injiniya ta cikin bangon baya. Guguwa ta fasa shi da baya, ta kwashe igiyar shanya, ta je ta jingina da bishiyar mangwaro, wandon yara na lilo a kan salansa. Matar tana tsaye a gefe da jiƙaƙƙiyar riga a hannu.

"Sannu da zuwa, Baban yara. Yau ta nan aka shigo?"

Injiniya ya cire tabarau ya tofar da siminti. "Ɗakin ba iska. Na daɗe ina so in buɗe masa taga."

"Taga ce wannan?"

"Ta zamani."

Ta ciro tef daga wuya, ta je ta auna faɗin ramin, ta auna tsayinsa.

"Me kike aunawa?"

"Labule."

Yanzu bari in gaya muku abin da ya faru, tun da shi Injiniya bai sani ba. Tsakanin tayoyin baya akwai wani ƙoƙon ƙarfe da makanikai ke kira aksul, a cikinsa akwai faifai mai haƙora wanda ke juya tayoyi. In ka sa faifan nan a gefen da ya dace, mota ta yi gaba. In ka sa shi a ɗaya gefen, komai ya juye. Injiniya kuwa ya sa shi daidai inda madubi ya nuna masa. Saboda haka Guguwa ta tashi da giyar baya har biyar, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi, ta gaba kuwa guda ɗaya tak, wadda a motocin mutane ake kira ribas.

Mai burodi ya ce, "Mijin Yaya, ka buɗe aksul ɗin nan a duba."

"Ba ya buɗuwa. Na yi masa walda."

"Don me?"

"Don kada gudu ya tsiyaye."

"To ka kira makaniki."

"In kira wanda zan koya wa? Motar nan lafiyarta ƙalau. Ƙarfi ne ya yi mata yawa, shi ya sa take ja da baya kamar rago kafin karo."

"Ragon ya ja da baya har cikin mangwaro."

Injiniya bai kula shi ba. Ya yini yana zagaya motar, hannu a baya, sannan ya fito ya sanar da layi cewa ya gano abin da manyan kamfanoni suka kasa ganowa. Wa ya ce dole mota ta yi tsere da hanci? Duk gudun nan yana nan, baya kawai ya zaɓa. Shi kuwa mutum ne da ya yi rayuwarsa yana aiki ta madubi. Ya tafi shago ya ciro babban madubin daga bango, ya kafa shi a kan bonet yana fuskantar direba, ya ɗaure da waya. Yanzu in ya zauna, duk abin da ke bayansa yana gabansa.

Shago kuwa ya zama kango. Ba kujera, ba madubi. Wanda ya zo aski sai ya zauna a kan bokitin fenti ya kalli bango. In ya tambayi yadda kan ya yi, Injiniya ya ce, "In ka je gida ka dubi fuskar matarka, za ka gane."

Ranar tsere ya ƙi a ja shi zuwa fili. Ya ce motar tsere da ƙafarta take zuwa. Ya sa giyarsa ɗaya ta gaba, ya kama hanya, injin yana ruri kamar zai haɗiye unguwa, motar kuwa tana tafiya kamar mai ciwon baya. Mai tura baro ya wuce shi. Akuya ta wuce shi. Wata tsohuwa mai sanda ta wuce shi, ta dawo ta leƙa taga.

"Ɗan nan, ko a tura maka?"

"Ina tara ƙarfi ne, Inna."

"To Allah ya sa ka tara kafin rana ta faɗi."

Da ya isa, fili ya cika har kan katanga. Matar ta ƙulla ragowar ƙyallaye ta yi doguwar igiya, aka ɗaure ta a gaban raga ta can ƙarshe. Kawu ne alƙali, da tawul ɗin shago a hannu. Motar burodi tana tsaye tana rawar sanyi, cike da kaya, don mai ita ya ce daga nan rabo zai wuce. Injiniya ya juya Guguwa ya jera ta, gindinta yana kallon igiya, hancinta yana kallon 'yan kallo.

Mai burodi ya ce, "Kawu, a yi magana tun yanzu. Ai da hanci ake cin tsere."

Injiniya ya ce, "Ko da hanci ko da wutsiya. Duk abin da ya fara taɓa igiya, mai shi ya ci."

Kawu ya yi tunani ya ce, "Duk abin da ya fara taɓa igiya, mai shi ya ci. Na shaida."

Ya cire hula don ya ji daɗin aiki, jama'a suka ga kan, rabi fili rabi daji, aka ɗan yi shiru don girmamawa. Sannan ya saki tawul.

Gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta. Guguwa tana da gudu. Ta fizga da baya kamar an tsikare ta, ta watsa wa 'yan kallo ƙasa, kafin motar burodi ta gama tari ta kai tsakiyar fili. Injiniya ya sa ta biyu, ya sa ta uku, ya sa ta huɗu. A madubi yana ganin igiya tana tahowa, a bayan madubi yana ganin surukinsa yana ƙanƙancewa. Mutanen da suka zo dariya suka rufe baki. Matar ma ta riƙe tef ɗinta da hannu biyu, domin ta ga ɗakinta yana tafiya.

A nan ne Injiniya ya ga fuskarsa a madubi, ya ga ta yi masa kyau. Ya ce a ransa, in na wuce igiya da wannan gudun, wa zai gane ni ne? Bari in rage kaɗan, in ɗaga musu hannu. Ya ɗaga ƙafa daga totur. Robar wando, wadda zafin inji ya riga ya dafa, ta ce tas, totur ya kwanta a ƙasa bai dawo ba. Ya kai ƙafa birki. To amma ƙafar nan ta shekara da shekaru feda ɗaya ta sani. Ta tsallake birki ta sauka a kan fedar kujerar aski.

Kujera ta ɗaga shi kaɗan. Ya ga mota ba ta rage ba, ya ƙara takawa. Kujera ta ƙara ɗaga shi. Kujerar kuwa tsohuwar ƙira ce mai dogon wuya, ba ta san gajiya ba. Ya yi ta takawa da sauri kamar mai ɗinki, yana hawa, yana hawa, har kansa ya shige cikin baho, ya tumɓuke shi, ya fito ta saman mota sanye da shi har kafaɗa. Ƙafarsa ta daina kai wa feda. Hannunsa ya daina kai wa sitiyari. Madubin ba ya nuna komai sai gwiwoyinsa, shi ma ba ya ganinsu.

Wata murya ta fito daga cikin baho, "Wa ya kashe wuta?"

Ya miƙa ƙafa yana laluben birki, sai ta maƙale a sitiyari ta murɗe shi har ƙarshe. Saura taku kaɗan a taɓa igiya, Guguwa ta karkace ta kama zagaye. Zagayen ya kwance makullin kujera, kujera ma ta kama nata. Mota tana juyawa dama, Injiniya yana juyawa hagu, baho yana juyawa inda ya ga dama. 'Yan kallo suka koma kan katanga, wanda bai iya hawa ba ya koya a take.

Mai burodi yana tafe a hankali, hayaƙi a bayansa. Da ya zo tsakiyar fili wata mata ta ɗaga masa hannu, ya rage ya miƙa mata burodi biyu ta taga. Ya zo daidai inda Guguwa ke zagaye, ya jira ta wuce kamar mai jiran jirgin ƙasa, ya leƙo.

"Mijin Yaya, ka je ƙarshen gari ka dawo ne?"

Bahon ya amsa da wata magana da ba a ji sosai ba, kuma gara da ba a ji ba.

A zagaye na gaba, taya ɗaya ta hau tudun tururuwa. Motar ta yi tsalle, baho ya fita daga kan Injiniya, ya yi sama, ya sauko a kan gefensa, ya kama gangarawa. Ya miƙe sak kamar an aike shi. Ya bi gefen motar burodi, ya jera da ita, ya wuce ta, ya je ya taɓa igiya ya kwanta. Bayansa kaɗan motar burodi ta iso. Ita kuwa Guguwa ta saki zagaye, ta koma inda ta fito da baya, ta shige ragar farko ta naɗe ta a jiki, ta yi tari biyu ta mutu. Wani daga kan katanga ya ce wannan ai ci ne, amma a gidansu.

Aka ruga aka tarar da Injiniya a saman kujera, raga ta naɗe shi kamar kifi, kujerar tana ƙarasa juyinta a hankali. Duk sanda ta juyo da shi wajen jama'a sai ya yi magana, in ta juya da shi sai ya jira.

"Kawu, me ya fara taɓa igiya?"

"Baho."

Kujera ta tafi da shi ta dawo. "To na ci. Rufin motata ne."

Jama'a suka ɗauki surutu. Matar ta taho a nutse da bahon a hannu, tana duba inda ya lotsa. Ta tsaya gaban Kawu.

"Kawu, ranar da na fito wanki, wa aka ce yana da bahon nan?"

Kawu ya shafa gefen daji. "An ce naki ne yau, naki ne gobe. An ce ba na mota ba ne, aro ne."

"Yau kuma me aka ce game da igiya?"

"Duk abin da ya fara taɓa ta, mai shi ya ci."

"To wa ya ci?"

"Ke kika ci, 'yar nan. Ƙaninki na biyu." Ya ɗaga kai ya dubi saman raga. "Injiniya kuma bai iso ba tukuna."

Kujera ta juyo da Injiniya, ya buɗe baki, ta sake juyawa da shi kafin ya sami abin faɗa.

Washegari da hantsi layi ya sake cika. Injiniya ya fito daga ƙofar gida da keken ɗinki a ka, ya bi ta titi kamar yadda ya yi alkawari, yana gaya wa duk wanda ya haɗu da shi cewa a gudu dai babu wanda ya kama ƙafarsa, hanya ce ba ta bi shi ba. Mai wanki ya ce haka ne, kowa ya gani. Tsohuwa mai sanda ta ce yau ya fi jiya sauri.

Ya shiga ɗakin ya tarar an share shi tas. Ramin bango an gyara masa baki ya zama ƙofa, labule ya zauna masa cif, matar tana shiga tsakar gida ta duba tukunya ta dawo ba tare da ta zagaya ta titi ba. Babban madubin, wanda ko tsagewa bai yi ba, yana jingine a bango kafin a mayar da shi shago. Injiniya ya sauke keke a gabansa. Ya dubi keken, ga abin juyawa a dama. Ya dubi madubi, ga shi a hagu. Ya sake duban keken. Ya sake duban madubi. Ya daɗe a tsaye, bakinsa yana motsi ba sauti, abin da ba a taɓa gani ba a layin.

"Lafiya, Baban yara?"

"Madubin nan maci amana ne. Na ci da shi, na sha da shi, ashe ƙarya yake mini. Ba zai sake shiga shagona ba. Ki riƙe shi, shi ne hukuncinsa."

Ta ce, "Allah sarki. To ɗan matsar mini da shi kusa da sabuwar ƙofa, inda masu gwada riga za su ga haske."

Ya matsar. Ta ce ya yi dama kaɗan. Ya yi hagu.

A nan tatsuniyar ta tsaya, ba don birki ya kama ba, sai don mai ya ƙare. Wanda ya bi ta layin har yanzu zai ji ƙarar keke daga babban ɗaki, in kuma ya gamu da wani dattijo mai hula, kada ya ce ya cire.